Ku Tambaya Mu Amsa: Yaya Ake Gwada Mai Cewa Yana Gano Abin Ɓoye?

Tambaya: Mu 'yan unguwa ne muka yi karo-karo za mu haƙa rijiyar burtsatse. Sai aka kawo mana wani mutum mai wayoyi biyu na jan ƙarfe lanƙwasassu. Yana riƙe da su yana tafiya, inda suka gicciye ya ce nan ruwa yake. Ya ce bai taɓa nuna wuri an haƙa an rasa ba, har ya lissafa mana rijiyoyi huɗu. Kuɗinsa bai kai na masu awo da na'ura ba. Akwai yadda za mu gwada shi kafin mu zuba kuɗin jama'a? — Sakataren kwamitin unguwa, Funtuwa

Amsa: Akwai, Malam Sakatare, kuma yini guda ya isa. Amma mu fara da rijiyoyin nan huɗu. Ba su nuna komai ba tukuna, sai an san abu biyu: wurare nawa ya nuna aka haƙa aka tashi a tutar babu, kuma a yankin da ya yi aikin, rijiya nawa ke samun ruwa cikin goma ko ba a kira kowa ba. A kwarin Sakkwato da yankin Tafkin Chadi, inda yashi da laka suke shimfiɗe hawa-hawa a ƙarƙashin ƙasa, kusan duk inda aka nutsa sosai za a tarar da ruwa, don haka duk wanda ya nuna wuri zai ci. Ƙasarku kuwa, kamar ta Zariya da yawancin Kano, a kan tsohon dutse mai tauri take zaune. Ruwa yana taruwa ne a ruɓaɓɓen saman dutsen da cikin tsagoginsa, shi ya sa a kan samu a nan, a rasa a taku hamsin gaba. A irin wannan ƙasa kuskure yana da tsada.

Abu na farko, ku zauna da shi ya faɗi abin da yake iyawa dalla-dalla, ku rubuta. Ruwa mai gudu kaɗai wayoyin ke ji, ko har da na ajiye? Suna ji ta cikin roba? Lita nawa ne mafi ƙanƙanta? Idan ya ce suna jin ruwan jarka, aiki ya yi sauƙi. Ku samo jarkoki goma iri ɗaya masu cin lita 20 ko 25. Ɗaya ku cika ta da ruwa, tara ku cika su da busasshen yashi, don kada amo ya bambanta su. Ku jera su a fili, tsakanin kowace da 'yar'uwarta kamar mita biyu ko yadda shi ya ce ya ishe shi, ku kife kowace da kwali, ku rubuta lamba 1 zuwa 10 a jikin kwalayen.

Kafin a ɓoye komai, sai a yi zagaye biyu a buɗe. Na farko ya ratsa filin babu jarkar ruwa ko ɗaya, ya tabbatar babu abin da ke jan wayoyinsa. In ya ce akwai, a canza fili. Na biyu a ajiye jarkar ruwan yana gani, ya bi ta kai, wayoyin su gicciye. Wannan mataki shi mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ne ke toshe ƙofar uzuri. Wanda ya yarda da bakinsa cewa yau wayoyinsa suna aiki, a wannan fili, da wannan jarka, ba zai dawo da la'asar ya ce roba ce ta tare ba. Ya sa hannu ko ya dangwala a takardar, tare da adadin da aka amince shi ne ci.

Sannan a raba aiki. Mutum ɗaya ne mai ɓoyewa: zai zari takarda daga cikin hula mai ɗauke da lamba 1 zuwa 10, ya kai jarkar ruwan wannan lamba, ya rubuta a littafinsa, ya mayar da takardar cikin hular. Mayarwar tana da muhimmanci, domin in ba a mayar ba, zagayen ƙarshe ana iya lissafo amsarsa. Ya ɗaga duk jarkokin ya sake ajiyewa, ya share ƙasa da tsintsiya, sannan ya bar wurin gaba ɗaya. Sai mai rakiya, wanda shi ma bai san inda ruwan yake ba, ya shigo da mai wayoyin, ya rubuta lambar da ya zaɓa. Ba a ɗaga kwali, ba a ce "ka ci" ko "ka faɗi". A yi haka sau goma, sannan a haɗa littattafan biyu a gaban kowa.

Ga lissafin. Wanda yake kirdado kawai zai dace sau ɗaya cikin goma a matsakaici. Samun aƙalla ɗaya yana faruwa kashi 65 cikin 100, don haka kada kowa ya yi kabbara a kan ɗaya ko biyu. Uku ko fiye yana faɗowa kamar sau 7 cikin 100. Huɗu ko fiye, kamar sau ɗaya cikin 80. Biyar ko fiye, kamar sau ɗaya cikin 600. Mu da za mu sa iyakar a biyar, wanda rangwame ne babba ga mutumin da ya ce bai taɓa kuskure ba.

Inda gwajin ke lalacewa kusan kullum ta gefen masu gwadawa ne. Ɗigon ruwa a ƙasa. Sawun jan jarka. Yaran unguwa a kan katanga suna kallon kwali ɗaya. Mai ɓoyewa da ya ƙi tafiya, ya tsaya daga nesa yana murmushi. Sai kuma zaɓen lamba da ka maimakon ƙuri'a: mutum in an bar shi da son ransa ba ya son maimaita lamba, ba ya son na bakin layi, kuma mai hankali yana gane wannan. Na ƙarshe, tsayar da gwaji a tsakiya saboda ya ci biyu a jere. Goma aka ce, goma za a yi.

An yi irin wannan a Jamus. A birnin Kassel a 1990 an binne bututan roba a zurfin santimita 50, ana sakin ruwa ko a tsayar bisa ƙuri'a, aka gwada masu wannan sana'a kusan 30 cikin kwana uku. Duk sun sa hannu cewa gwajin adalci ne, kuma sakamakonsu bai wuce na kirdado ba. Kafin nan, a kusa da Munich a 1987 da 1988, an tace mutum 43 daga cikin kusan 500, aka yi musu gwaji 843 a wani rumbu mai hawa biyu, bututu a ƙasa, su a sama. Masu binciken sun ce mutum shida sun nuna baiwa, amma da wani masani mai suna Jim Enright ya sake bin alƙaluman, sai ya ga wanda ya yi fice a wani zagaye ba ya iya maimaitawa a na gaba.

Wani abu da ya kamata a faɗa don adalci: tsohon mahaƙin rijiya yakan san ƙasa. Yana lura da gangare, da irin bishiyoyin da ke tsiro, da zurfin rijiyoyin maƙwabta. Wannan sani ne na gaske, kuma gwajin jarka bai taɓa shi ba, wayoyin kaɗai ya auna. Awon na'ura, wanda ake kafa ƙarafa a ƙasa a tura lantarki a ga inda ya fi ratsawa, shi ma ba ya ba da tabbaci ɗari bisa ɗari. Ku nemi rahoto a rubuce mai nuna zurfin da ake sa ran samun ruwa, kuma ku daddale da mai haƙa tun farko a kan wanda zai ɗauki asara in rami ya fito busasshe.

Tambaya: Na taɓa riƙe irin wayoyin nan da hannuna, kuma wallahi sun juya ba tare da na juya su ba. In babu komai a ciki, me ya motsa su? — Malamin makaranta, Maraɗi

Amsa: Ba ka yi ƙarya ba, Malam, kuma yawancin masu sana'ar ma ba ƙarya suke yi ba. Waya mai siffar kusurwa da aka riƙe sako-sako tana tsaye ne a kan ƙiris. Hannu ya karkata kaɗan, abin da ido ba zai gani ba, sai nauyin dogon ɓangaren ya ja ta ta juya. Tsokar hannu kuwa tana bin abin da zuciya ke tsammani ba tare da mutum ya yi niyya ba. Likitan Ingila William Carpenter ya bayyana wannan a 1852.

Shekara guda bayan haka, a 1853, aka yi yayin zama a kewaye teburi a Landan, a ɗora hannuwa, teburin ya riƙa juyawa, a ce ruhohi ne. Masanin kimiyya Michael Faraday ya jera kwalaye sirara, ya manna su da wani abu mai danƙo da ke barin su zame kaɗan, ya sa su tsakanin hannuwan mutane da teburin. Da teburi ne ke jan hannu, kwalin ƙasa ne zai riga gaba. Abin da aka gani, na sama ne ya fi gusawa, wato hannu ne ke tura teburi. Da ya haɗa wani tsinke mai nuna motsin hannu a inda mazauna ke ganinsa, sai teburin ya daina tafiya.

Ka gwada a aji. Ɗaura zobe a zare mai tsawon santimita 30, ɗalibi ya riƙe bakin zaren, gwiwar hannunsa ba ta taɓa teburi ba. Ka ce masa zoben yana kewaya a kan hoton mace, yana kai-da-komo a kan na namiji. Zai yi. Wani ɗalibin ka faɗa masa akasin haka, shi ma zai yi. Sannan ka kife hotunan ka cakuɗa.

Kada a ɗauka wasan yara ne kawai. Wani ɗan kasuwar Birtaniya, James McCormick, ya sayar da wata na'ura mai suna ADE 651 da ya ce tana gano bam: mariƙi ne na roba da eriya mai juyawa, babu wani abin aiki a ciki. Asalinta abin wasa ne na neman ƙwallon golf da bai fi dala 20 ba, ya riƙa sayar da ɗaya a kan dubban daloli. Iraƙi ce ta fi saya, kuma Nijar tana cikin ƙasashen da aka ambata sun saya. Kotu a Landan ta ɗaure shi shekara 10 a 2013, amma sai a Yulin 2016, bayan mummunan harin unguwar Karrada a Bagadaza, aka ba da umarnin janye ta daga shingayen bincike. Akwati huɗu, abin fashewa a ɗaya, da mai riƙewa da bai san wanne ba ne, sun isa su tona asirinta tun ranar farko.

Tambaya: An sace sarƙar gwal a gidanmu. Aka kira wani ya rataye mabuɗi a zare yana kiran sunayen 'yan gida, da ya zo kan sunan yarinyar da ke mana aiki sai mabuɗin ya juya. Tana ta rantsuwa tana kuka. Hankalina bai kwanta ba. — Uwargida, Kano

Amsa: Hajiya, hankalinki ya yi daidai da bai kwanta ba. Kada a taɓa yarinyar nan, kada a kore ta a kan wannan. Mabuɗin da ke rataye a zare ɗan'uwan zoben da muka ambata ne a sama, sai dai a nan akwai ƙari: ɗakin cike yake da mutanen da tuni suna da wanda suke zargi. Ana zuwa kan sunanta numfashi zai canza, idanu za su koma wuri ɗaya, mai riƙe da zaren kuma yana jin wannan ko bai sani ba.

A Berlin an yi wani doki mai suna Hans da ake cewa yana lissafi, yana buga ƙafa har ya kai amsa. Wani masani mai suna Oskar Pfungst ya bincika, ya fitar da rahoto a 1907: in mai tambaya ya san amsar kuma dokin yana ganinsa, yana ci kusan tara cikin goma. In mai tambayar bai sani ba, ko ɗaya cikin goma ba ya kaiwa. Dokin yana lura ne da ɗan ɗaga kan da mutum ke yi idan bugun ya kai inda ake so. In doki ya iya karanta fuskar mutane haka, balle ɗan Adam.

In mutumin ya yarda a gwada shi, ga yadda za a yi. Mutum goma da babu ruwansu da satar. Ƙullin tsumma goma iri ɗaya, ɗaya da zobe a ciki, tara da tsakuwa, wata maƙwabciya ta ƙulla su a wani ɗaki ta zuba a jaka ta tafi. Kowa ya zari ɗaya ya sa a aljihu ba tare da ya kwance ba. Shi kuma ya kira sunaye ya nuna mai zoben. Sau goma, lissafinsa daidai da na jarkokin Funtuwa. Zai iya cewa abin nasa ɓarawo yake kamawa, ba mai riƙon amana ba. To, sai a ce masa ke nan babu hanyar da za a san ranar da ya yi daidai da ranar da ya yi kuskure, kuma ba a ɗora wa 'yar mutane sata da abin da ba a san kuskurensa ba. Maganar sarƙa kuwa, a bi ta hanyarta: wa ya shiga ɗakin, yaushe aka gan ta ƙarshe, a kuma sanar da hukuma da masu sayen gwal.

Tambaya: Shin wannan gwaje-gwajen ba musun gaibu ba ne? — Ɗalibin ilimi, Gusau

Amsa: Hukuncin zuwa wurin boka da ɗan duba yana wurin malamai, kuma sananne ne. Abin da jarka da ƙuri'a ke aunawa ƙarami ne ƙwarai: wani mutum mai suna, a wata rana, ya ce yana iya wani aiki da ake gani da ido, yana kuma karɓar kuɗi a kai. Ana iya ƙirga sau nawa ya cika, sau nawa ya saɓa. Gwajin ba ya cewa komai a kan abin da ba a ƙirgawa. Wanda ya yi imani da samuwar aljanu bai zama dole ya gaskata duk wanda ya ce yana aikensu ba.

Tambaya: Wata ƙawata ta kai ni wurin mai duba. Ban faɗa masa komai ba, amma ya gaya mini akwai wata a dangin mijina da ba ta ƙaunata, ina da kuɗi a hannun wani da ya ƙi biya, kuma ina yawan tunani da dare. Duk gaskiya ne. Ta ina ya sani? — Wata 'yar'uwa, Zangon Kumasi

Amsa: 'Yar'uwa, ki karanta wa matan aure goma waɗannan maganganu uku, ki ce kowace ta faɗa ko sun dace da ita. Wannan shi ne gwajin farko, kuma ba ya cin ko sisi.

A 1948 wani malamin jami'a a Amurka, Bertram Forer, ya ba ɗalibansa 39 takarda, ya ce kowa bayanin halinsa ne shi kaɗai. Ya ce su ba ta maki daga 0 zuwa 5. Matsakaicin makin ya haura 4. Takarda ɗaya ce ya raba wa kowa, ya tsinto jimlolinta daga littafin taurari na bakin titi. Magana mai faɗi, in aka ce taka ce, kai ne kake cika ta da sunaye da ranaku daga cikin kanka, daga baya kuma sai ka tuna kamar shi ya faɗe su.

Akwai kuma abin da ido ke ba shi kafin ki buɗe baki: shekarunki, suturarki, lallen hannu, goyo ko rashinsa, wadda ta rako ki da abin da ta riga ta faɗa a waje. Sai tambaya mai kama da sanarwa: "Ina ganin wata doguwa, ko baƙa ce?" In kika ce fara ce, sai ya ce, "Ita fa." Wanda ya ɗauki irin wannan zama a waya, da sanin mai dubar, ya zauna ya rubuta kowace jimla, ya ware wadda ta dace, da wadda ta saɓa, da wadda tambaya ce, da wadda za ta dace da kowa, yakan sha mamakin yawan waɗanda suka saɓa ya manta da su.

Gwaji na sosai shi ne a raba shi da fuskar mutum. Mata shida, a ba shi abin da ya ce yana bukata kawai, misali suna da sunan uwa, ta hannun ɗan aiken da bai san su ba. Ya yi wa kowace bayani, a rubuta, a goge suna da duk abin da ke nuna mai shi. Kowace a miƙa mata takarda uku, tata da na wasu biyu, ta zaɓi wadda ta fi kama da ita. Kirdado zai ba da biyu cikin shida. Biyar ko shida ne abin dubawa, shi ma sai an maimaita da wasu matan. Wani masanin kimiyya a Amurka, Shawn Carlson, ya yi kusan haka da masu duban taurari, mujallar Nature ta buga a 1985, kuma sun tsaya a wajen ɗaya cikin uku.

Masu faɗin abin da mai ciki za ta haifa sun fi sauƙin gwadawa, amma a kula da tsohuwar dabara: a ce wa iyaye namiji, a rubuta mace a littafi, in an zo ƙorafi a buɗe littafi a ce ku ne ba ku ji daidai ba. Maganinta, ya rubuta da hannunsa, a rufe a ambulan, a ajiye wurin wani. Ciki 20 ake bukata, waɗanda ba a yi musu hoton asibiti ba. Goma daidai shi ne kirdado. Sha biyar ko fiye yana faɗowa kamar sau 2 cikin 100.

Tambaya: Abokina ya sayi maganin ƙarfe da na bindiga, yana so mu gwada. — Matashi, Agadas

Amsa: Kada ku gwada a jikin mutum, ko da wuƙar yanka albasa ce, kuma bindiga kada ta shigo maganar sam. Jaridun Najeriya da Ghana sun sha kawo labarin waɗanda suka mutu a irin wannan gwaji, wanda ya harba kuma ya ƙare a hannun hukuma da laifin kisa. A yaƙin Maji Maji na 1905 zuwa 1907, a ƙasar da ake kira Tanzaniya yau, an ba mayaƙa ruwan da aka ce zai mayar da harsashin Jamusawa ruwa, aka kashe su da yawa.

Abin da ake gani a dandali yana da sharuɗɗan da mai wasan ne ke riƙe da su: wuƙarsa ce, shi ya san inda take da kaifi da inda ta dakushe, shi ke zaɓen inda zai ɗora da ƙarfin da zai sa. In laya ce, a ɗinka kube shida iri ɗaya, uku da layar, uku da farar takarda, a ɗaura wa kabewa shida, wanda bai san wacce ce wacce ba ya sara da wuƙar da mahauci ya wasa. In mai maganin ya ce a jikin mutum kaɗai yake ci, to ya zama abin da ba shi da hanyar gwaji sai da ran wani. Hatsarinsa na gaske shi ne abokinka ya tsaya a inda ya kamata ya gudu.

Tambaya: Tun da muka koma sabon gida, ni da yara muke tashi da ciwon kai, ina jin ana danne ni cikin barci, ana kuma jin motsi a rufi. Maƙwabta sun ce gidan yana da mutanen ɓoye. — Mai gida, Jos

Amsa: Malam, kafin komai: ina janareto yake kwana, kuma ana shiga da gawayi ɗaki saboda sanyi? Ciwon kai da ya kama mutanen gida gaba ɗaya, ya kuma sake su in sun fita, alama ce ta iskar gubar da ke fita daga injin da garwashi. Ba ta da wari, ba ta da launi, tana kawo jiri, tashin zuciya, ruɗewa, har gane-gane, kuma tana kisa cikin barci. A 1921 wata mujallar likitocin ido a Amurka ta buga labarin iyalin da suke jin takun sawu suna ganin mutane a gidansu, aka gano murhun ɗumama gidan ne ya lalace. Wannan ba abin jira a gwada ba ne. Daren yau janareto ya koma waje, aƙalla mita shida daga ƙofa da taga, garwashi kuma kada ya kwana a ɗaki. In ciwon kan ya ci gaba, ku je asibiti ku faɗi abin da kuke zargi.

Dannau kuwa sananne ne a likitance: ƙwaƙwalwa ta farka, jiki bai gama fita daga sanƙarewar da yake yi lokacin mafarki ba. Yana ɗaukar daƙiƙoƙi zuwa 'yan mintuna, ya fi zuwa ga mai kwanan rigingine da wanda barcinsa ya rikice.

Motsin rufi sai a bi shi da littafi. Mako biyu, duk wanda ya ji ya rubuta lokaci da wuri kafin ya yi magana da kowa, domin in aka fara hira labarin kowa yakan koma iri ɗaya. Kwanon rufi yana ƙara idan ya huce bayan faɗuwar rana, a kusan lokaci ɗaya kullum. A barbaɗa gari a saman silin a duba sawu da safe, ɓera da jemage ba sa ɓoye nasu. A canza abu ɗaya a lokaci guda. In aka fitar da janareto, aka sa tarko, aka yi hayaƙi duk a dare ɗaya, abin ya daina, ba za a san wanne ya yi aiki ba. Janareton ne kaɗai ba ya jiran layi.

Tambaya: Mun gwada a ajinmu, mu 50. Ana jefa kwandala a bayan labule, kowa ya faɗi gefen da ta faɗa, sau goma. Wata ta ci takwas. Tana da baiwa ke nan? — Ɗalibar sakandare, Damagaram

Amsa: Madalla da wannan aji. Mutum ɗaya ya ci takwas ko fiye cikin goma da kirdado, yana faruwa kamar sau 5 da rabi cikin 100. Amma ku 50 ne. Damar a samu aƙalla mutum ɗaya a cikinku da zai kai takwas ta kai kashi 94 cikin 100. Da ba a samu ba ne ma za a yi mamaki. Ku duba littafinku, da wuya a rasa wadda ta ci biyu ko ƙasa da haka, ita kuma ba wanda ya kira ta mai baiwa.

Zagayen farko tacewa ce kawai. Yanzu ku ajiye takwas ɗin nan gefe, kada ku haɗa ta da sabon lissafi, ku yi wa ƙawarku sabon gwaji ita kaɗai: jifa 20, an rubuta tun farko cewa 16 ne ci, wanda kirdado ke kaiwa kamar sau 6 cikin 1,000. Mai jifa ta rubuta sakamako kafin a amsa, kada ta yi magana, wata daban ta riƙa cewa "faɗi" daga inda ba ta ganin kwandalar. A jefa a kan bargo, saboda ƙara da lokacin da ake ɗauka kafin a ce "faɗi" suna iya ba da alama.

Shekarunku ba su hana aikin ya zama na gaske ba. Wata yarinya a Amurka, Emily Rosa, tana da shekara 9 ta gwada masu cewa suna jin ƙarfin jikin mutum da tafin hannu ba tare da taɓawa ba. Ta kafa kwali mai ramuka biyu, su zura hannuwa, ta jefa kwandala, ta ɗora hannunta a saman na dama ko na hagu, su faɗi wanne. Mutum 21, gwaji 280, suka ci 123, wato kashi 44 cikin 100, ƙasa da rabin da kirdado ke bayarwa. Mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta buga aikin a 1998. In ƙawarku ta kai 16, ku ba wani aji su maimaita da kwandalarsu da labulensu, ba tare da ɗayanku a ɗakin ba, sannan ku aiko mana da alƙaluman zagayen duka, har da waɗanda ba su yi daɗi ba.